Gawarwakin Haya a Bakin Gulbin Yelwa

Jama'a, ku yi mini gaisuwa, ranar Larabar da ta wuce na mutu. Ba zazzaɓi ba ne, ba dorina ce ta kife da ni ba, ba kuma uwargida Asama'u ce ta gaji da halina ba. Mutuwa ce ta hukuma, wadda aka tsara a ofis, aka yanka mata rana, aka kafa mata rumfa da kujeru. Na mutu tun hantsi, na tashi bayan azahar, kuma galan ɗaya na fetur da aka yi mini alkawari a kan mutuwar, har yau ban ji ko warinsa ba.

Bari in ɗauko muku daga tushe, don kada ku ce Lawali tela ya fara shan wani abu.

Rediyo ce ta jawo mana. Kwanakin baya ta faɗi cewa ƙasa ta yi girgiza a can wata uwa duniya, gidaje sun rufta da mutane. Muka ce Allah ya kiyaye, muka ci gaba da neman kananzir. Ashe manyanmu, Allah ya ƙara musu imani, barci ya gagare su saboda tausayinmu. Suka ce mu da muke kwance a bakin ruwan Kainji, daga Yelwa har Wara, in ƙasa ta yi atishawa ɗaya mun zama abincin giwan ruwa. Ba a fafe gora ranar tafiya, in ji su. Nan take aka kafa Kwamitin Haɗin Gwiwa na Tarbar Girgizar Ƙasa, hukuma da 'yan kasuwa a tabarma ɗaya, wai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wannan gaskiya ne. Sai dai ni na sha ganin hannuwa da yawa sun taru a kan jinka, kowa ya zare ciyawa ya kai gidansa.

Ni dai kakana ya tsufa a ƙasar nan har haƙoransa suka ƙare, bai taɓa ba mu labarin ta motsa ba. Abin da ke motsi a nan ruwa ne. Shi ya cinye tsofaffin garuruwanmu, shi iska ke tayarwa duk damina ya kife jiragen kasuwa da mata da buhuna. Ban taɓa jin an kafa wa wannan kwamiti ba. Amma ina ruwan tela da ilimin manya? Su suka yi boko, su suka san masifar da ta dace da mu.

Shugabannin kwamitin uku ne, kuma ina gaishe su da kyau. Akwai Yallaɓai Mai-Sa-Hannu, wakilin hukuma, mutumin da ko gaisuwa ka yi masa sai ya ce ka dawo gobe ka ji amsa. Akwai Ranka-ya-daɗe Manaja, na wani kamfanin kwangila da ya iya cika rami da ƙasa ana gobe baƙi za su zo. Sai Alhaji Babu-Mai, mai gidan mai, wanda Allah ya hore wa famfon da ke bushewa da rana ya kawo a bayan gida. Wani banki ma ya shiga, ya ba da gudummawar kalanda. Taronsu na farko a kan wa zai zauna tsakiya ya ƙare. Na biyu a kan sunan wa zai hau sama a ƙyallen taro. Wannan kam ni shaida ne, don ni aka ba ɗinkin ƙyallen, na ɗinka na warware, na ɗinka na warware, har yadin ya fara roƙona arziki.

Daga ƙarshe suka yanke shawara za a yi atisaye. Za a yi kamar ƙasa ta girgiza, mutane sun mutu, wasu sun faɗa ruwa, sai masu ceto su fito a gaban Babban Baƙo da zai zo daga birni, ya ga yadda haɗin gwiwa ke aiki. To ceto a ruwa sai da jirgi, kuma kwamiti ba shi da ko kwalekwale. Nan maƙwabcina Ɗangana ya shigo labarin.

Ɗangana mai fito ne, katanga ɗaya ta raba mu. Jirginsa babba ne, na katako, mai sabon inji, shi ke kai mutanen gungu kasuwa ya mai da su. Gungu, ga baƙi, shi ne tsibirin da ke tsakiyar ruwa. Wata safiya aka zo aka shaida masa an ɗaukaka shi, ya zama wakilin masu sana'a a kwamiti, kuma gudummawarsa jirginsa ne. Bai nema ba, ba a kuma tambaye shi ba. Aka shafa wa jirgin farin fenti, aka rubuta masa CETO da jan baƙi a gefe. Sai maganar tsaro ta taso, don manyan nan uku babu wanda ya yarda da ɗan'uwansa. Yallaɓai ya ce jirgi na hannun hukuma, ya sa aka ɗaure shi da sarƙa da kwaɗo a tasha, ya jefa makulli aljihu. Manaja ya ce injin ƙarfe ne, ƙarfe kuwa aikin kamfani ne, ya kwance shi ya kai sito. Alhaji ya ce man da za a zuba yana wurinsa, a aune, ba ya fita sai ranar. Ka ji haɗin gwiwa: jirgi gabas, inji yamma, mai arewa. Aka ce ba za su haɗu ba sai Babban Baƙo ya busa usur da bakinsa mai albarka.

To, Ɗangana yana da abin da ke cin ransa. 'Yarsa Halimatu tana aure a Tungar Dauda, can cikin gungu, kuma tana da cikin fari. A al'ada, mai cikin fari gidan iyayenta take dawowa goyon ciki ta haihu a gaban uwarta, kusa da asibiti in abu ya ƙi. Lokacin da ya kamata ya ɗauko ta, mai ya ɓace a gari. Da ya tattara ɗan abin da zai kai shi, kwamiti ya ɗauke jirgi. Sauran jiragen masu inji duk jarkokinsu na layin mai tare da mu. Ƙaramin kwalekwale kuwa, ga iska ga igiyar ruwa, matarsa Tabawa ta rantse ba a sa mata mai tsohon ciki a ciki. Wata tara ya kama, yarinya na ƙetare.

Ranar Talata ina kwance a gindin babur ɗina a layin mai, na kwana biyu a wurin har na san sunan akuyoyin unguwar, sai ga Mamman masinjan kwamiti a bayan Landiroba da lasifika.

"Jama'a, ana neman gawarwaki! Duk wanda ya yarda ya mutu gobe, galan ɗaya na fetur, ba layi!"

Wallahi ban taɓa ganin mutane na rububin mutuwa haka ba. Dattawa na ture yara, masunta na tsallake jarkoki. Mamman ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya ce ai mu ba ma buƙatar kwalliya, layi ya riga ya gama mana rabin aiki. Na waiga sai na ga Ɗangana a bayana, ya ɗaga hannu shi ma.

"Kai wakili guda, mi ya kai ka cikin matattu?" na tambaye shi.

"Tela, man da Alhaji zai zuba na zagaye guda na gaban baƙo," in ji shi. "In anka ba ni galan ga, ana watsewa in wuce ƙetare. Ina da 'yar tahiya."

Ni kuwa na san tafiyar.

Laraba da hantsi aka jera mu a filin da ke bakin tashar jirage. Kowace gawa aka nuna mata wurinta. Jinin da za a shafa mana, kwangilarsa aka ba wata Hajiya ta gidan ɗaya daga cikin manyan, ita kuwa sana'arta zoɓo, kuma baiwar Allah ba ta san zoɓo ba sukari ba. Aka kwarara mana shi a goshi da ƙirji. Kafin rana ta ɗaga, duk ƙudan Yelwa da tururuwar Shanga sun samu labari. In ka ɗaga hannu za ka kore su, sai Mamman ya daka maka tsawa: "Gawa ba ta susa!" Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, mu kuwa ladan ma ba mu ci ba tukuna, askin muke yi bashi.

Can a rumfa manya sun jeru, babbar riga na gogar babbar riga, ana buɗe lemo mai sanyi. Daga inda nake kwance ina jin ƙarar marfin kwalba, kowane ɗaya sai na haɗiye yawu. Masu ceto suna gefe cikin sababbin riguna, riƙe da gadajen ɗaukar marasa lafiya, suna hamma. Jirgin Ɗangana na bakin ruwa fari tas, yana lilo a kan sarƙarsa. Injin na cikin motar kamfani a kulle, jarkar Alhaji na ƙarƙashin kujerarsa ya ɗora mata ƙafa. Babban Baƙo kuwa, aka ce ya taso. Daga baya aka ce ya tsaya cin abinci a hanya. Daga baya aka ce ya ɗan kishingiɗa, don tafiya ta gajiyar da shi a kan talakawa.

Ɗangana na kwance kusa da ni, idonsa a kan ruwa.

"Tela, kana ganin baƙon ga shina zuwa da wuri?"

"Gawa da gaggawa? Ina za ka?"

Bai yi dariya ba. Na rage murya na ce masa, "Don Allah ka tashi ka je ka gaya wa Yallaɓai gaskiya. Ka ce ɗiyarka ta kusa haihuwa a gungu. Ko dutse ne a ƙirjinsa ai ya ji."

Ya juyo ya dube ni kamar na zage shi.

"Haba Tela! Ɗiyar fari ta hwa. In tsaya gaban manya da yara in buɗe baki in ce ina damuwa da ita? Ai sai Yelwa ta ɗauka. Tun da anka haife ta ko sunanta ban taɓa kama ba."

Ga wanda ba ɗan nan ba, haka muke. Ɗan fari ana jin kunyarsa, ba a faɗin sunansa, ba a nuna ana sonsa a gaban mutane. Makonni kenan Ɗangana na zuwa ƙofar ofishin kwamiti, abin da kawai yake iya cewa shi ne yana da 'yar tafiya ƙetare, su kuwa su ce masa tafiya ta jira ƙasa. Na ji haushinsa, na ji tausayinsa, na kuma san da ni ne haka zan yi.

Azahar ta yi. Aka yi ɗan taƙaddama a rumfa a kan ko matattu za su tashi salla. Manaja ya ce in muka tashi gaba ɗaya baƙo ya iso, fili ya zama fanko, kamfani ya ji kunya. Yallaɓai ya kawo maslaha irin ta masu ilimi: a riƙa tashi kashi-kashi, rabi na salla rabi na mace. Muka wanke zoɓo muka yi alwala, muka idar, aka sake kwarara mana sabo.

Ba mu daɗe da komawa lahira ba sai muka ji kuwwa daga cikin ruwa.

Duk wanda ya tashi a bakin gulbi ya san wannan kuwwar. Ba irin ta kiran abokin ciniki ba ce. Doguwa ce, daga ciki take fitowa, kuma in an yi ta babu ɗan ruwan da ke ci gaba da zama, ko tuwo ne a bakinsa. Na ga kawunan gawarwaki na ɗagowa ɗaya bayan ɗaya. Wani ƙaramin kwalekwale ne ke tafe, mutum ɗaya a ciki yana tuƙi kamar zai karya filafili. Isa ne, mijin Halimatu. Ya faɗo tudu ko ɗaure kwalekwalen bai yi ba, yana dube-dube, sai ya hango surukinsa a kwance jina-jina. Ya yi salati ya durƙushe.

"Tashi, zoɓo na," in ji Ɗangana. "Mi ya faru?"

"Baba, tun asuba take naƙuda. Ungozoma ta ce ɗan ya zo a gicciye, abin ya fi ƙarfinta. Ta ce in ba asibiti ba..."

Bai ƙarasa ba, Ɗangana ya miƙe. Mamman ya taso yana ihu, "Kai gawa, koma wurinka!" Ɗangana ya ture shi gefe ya nufi rumfa, ni ma na bi shi, ƙuda na bin mu.

Ya durƙusa a gaban Yallaɓai. Mutumin da bai taɓa kama sunan 'yarsa ba, ranar nan a gaban duk Yelwa ya buɗe baki.

"Ranka ya daɗe, ɗiyata Halimatu na can gungu za ta mutu. Halimatu, ɗiyata ta fari. Ku ba ni jirgina."

Tsofaffin mata da ke kallo suka kama baki, don sun san abin da ya kai namiji ga wannan.

Yallaɓai ya gyara hula ya ce Allah sarki, shi wallahi ba shi da matsala, ga makulli ma a aljihu. Amma me makulli zai yi ba inji? A tambayi kamfani. Manaja ya ce shi ma ba shi da matsala, shi uba ne, ya san zafin haihuwa. Amma inji ba mai ai kaya ne kawai, a tambayi Alhaji. Alhaji ya ƙara danne jarka da ƙafa ya ce shi ne ma ya fi kowa rashin matsala, sai dai man nan aunanne ne na zagaye ɗaya, in ya bayar baƙo ya iso, da me za a nuna masa ceto? In dai hukuma ta ba da izini, shi ke nan. Hukuma ta ce izini na cikin usur, usur kuwa na Babban Baƙo ne. Ban taɓa ganin mutum uku marasa matsala sun taru sun zama matsala ɗaya mai girma haka ba.

Sai wani ɗan siririn jami'i mai tabarau ya sunkuyo daga bayan kujeru, da niyyar taimako.

"Malam, a can gungun naku, ƙasa ta motsa ne?"

"Wace ƙasa?" in ji Ɗangana.

"Don in ta motsa, ko kaɗan ne, to maganar ta shigo hurumin kwamiti. Amma naƙuda ba ta cikin tsarinmu."

Jama'a, ni mutum ne mai ladabi, uwata ta yi mini tarbiyya. Amma abin da ya zo bakina a lokacin, da na faɗe shi da yanzu daga gidan yari nake muku wannan rubutu.

Ɗangana ya tashi ya kakkaɓe gwiwa ya juya. Da ya iso fili, babu gawa ko ɗaya a kwance. Masunta da masu fito duk sun miƙe, kowa ya ruga kwalekwalensa ya ɗauko filafili. Wani ƙato ya ɗauko dutse ya dinga maka wa kwaɗon hukuma har ya buɗe baki. Tabawa ta keto taro da zanenta a ɗamare, ita da wata tsohuwa, ta faɗa jirgi ba ta tambayi kowa ba. Ni ban iya tuƙi ba, allura na iya, amma aka miƙo mini ƙwarya aka ce in kwarfe ruwa. Muka tura jirgin CETO cikin gulbi, ba inji, ba mai, sai hannun matattu.

Mun ɗan yi nisa kenan muka ji jiniya daga tudu. Babban Baƙo ya iso.

Abin da ya faru bayanmu, Asama'u ce ta ba ni labari, don tana cikin 'yan kallo. Ta ce baƙo ya sauko, aka yi jawabi, Yallaɓai ya yi, Manaja ya yi, Alhaji ya yi, na banki ya raba kalanda. Aka miƙa usur a kan faranti, ya busa. Masu ceto suka kwaso a guje da gadajensu, suka ishe fili wayam, sai tabon zoɓo da tururuwa. Da suka ga abin kunya zai kama su, sai suka afka wa 'yan kallo. Suka cafke wani mai rake suka kwantar da shi da ƙarfi yana ihu yana cewa lafiyarsa ƙalau, suka ce ruɗewa ce irin ta girgizar ƙasa. Aka ɗauko inji aka rasa inda za a ɗaura shi, sai aka kafa shi a bakin wata ganga mai ruwa, Alhaji ya zuba aunannen mansa, aka tayar. Ya yi ƙara ya yi hayaƙi ya watsa ruwa, baƙo ya tafa, kowa ya tafa.

Mu kuwa muna tsakiyar ruwa. Jirgin fito ba don filafili aka yi shi ba, nauyi gare shi, ga iska ta taso daga gaba. Tafiyar da inji ke yi kafin ka gama cin tuwo, mu sai da la'asar ta yi sanyi muka ga bukkokin Tungar Dauda. Gumi ya wanke zoɓon da ke jikin mutane ya gangara cikin jirgi, ina kwarfewa. Nishi da ƙarar filafili kawai kake ji.

Aka fito da Halimatu a tabarma. Yarinyar da na ɗinka wa kayan salla tun tana rarrafe, na ganta ban gane ta ba. Ko kuka ta daina iyawa. Aka kwantar da ita a gaban jirgi, Tabawa da tsohuwar da ungozoma suka kewaye ta suka kare da zannuwa. Maza suka sunkuyar da kai, muka juyo.

A hanyar dawowa ne abin ya faru. Muka ji muryar ungozoma tana cewa ta daure, ta daure, sai wata ƙara guda daga Halimatu, sai shiru. Duk filafilan suka tsaya a sama ba wanda ya ce a tsaya. Muna jiran kukan jariri. Muka jira. Ruwa kawai ke bugun katako.

Can sai Tabawa ta ce daga bayan zane, "Malam, ku tuƙa. Uwar na da rai."

Ɗangana ya tsoma filafilinsa a ruwa, sauran suka bi. Ina zaune daf da shi, na ga hawaye na bin gemunsa, bai share ba, hannuwansa duka biyu na aiki. Na ji baƙin cikin da ban taɓa ji ba tun rasuwar Innata.

Mun iso tasha ana kiran magariba. An kwashe rumfa, an kwashe kujeru, sai kwalaben lemo a warwatse da ƙyallena yana reto a jikin bishiya. Masu ceto sun tafi da gadajensu, don kayan kamfani ne. A tabarmar da ta zo muka ɗauki Halimatu zuwa asibiti. Ma'aikatan suka karɓe ta, Allah ya saka musu, ta rayu. Jaririn namiji ne. Da safe muka kai shi makwancinsa.

Muna dawowa daga maƙabarta na ji rediyon mai shayi na yabon atisayen Yelwa. Wai an nuna haɗin kai irin wanda ba a taɓa gani ba tsakanin hukuma da 'yan kasuwa, kuma cikin ikon Allah ba a rasa rai ko ɗaya ba. To, madalla. Ina taya kwamiti murna, da zuciya ɗaya. A girgizar da ba a yi ba, ba su rasa kowa ba. Maganar galan kuwa, na je gidan mai, yaran Alhaji suka ce an soke, don mun gudu daga bakin aiki. Gawar da ta tashi ba da izini ba, ba ta da hakki.

Shekaranjiya muna zaune a ƙofar gidan Ɗangana, masu gaisuwa na zuwa suna tafiya, sai ga Mamman masinja a kan keke. Na ce a raina, kai, ashe dai akwai sauran kunya a duniya, kwamiti ya aiko gaisuwa. Ya jingine keke, ya tsuguna, ya yi addu'a aka shafa. Sai ya fara murza hula a hannu.

"Malam Ɗangana, Yallaɓai ya ce in gaishe ka, ya ji abin da ya faru, Allah ya ba da haƙuri. Sannan... ka san ni ɗan aike ne."

"Faɗi," in ji Ɗangana.

"Wato hotunan da aka ɗauka ba su yi kyau ba, babu matattu a ciki, kuma ana so a aika wa Babban Baƙo. Shi ne aka ce za a sake kwanciya Laraba mai zuwa, don mai hoto kawai. An ce in kun dawo kun kwanta, maganar kwaɗon hukuma da kuka fasa an yafe. Kai ma an ce ka zo, don kai ne ka fi dacewa a gaba."

Wani daga cikin masunta ya yunƙura zai tashi, Ɗangana ya dafa masa gwiwa. Ya daɗe yana kallon Mamman, ba fushi a fuskarsa, sai gajiya.

"Mamman, ka gai da Yallaɓai, ka gai da Manaja, ka gai da Alhaji," in ji shi. "Ka ce musu su nemi wani. Gidan ga ya riga ya ba da tashi gawar."

Mamman ya ɗauki kekensa, bai hau ba, ya tura shi har ya sha kwana.

Ƙasa dai har yanzu da nake rubutun nan ba ta motsa ba, ko gezau. Asama'u ta ce wai ƙasar tsoron kwamiti take ji. Ni kuwa ina ganin ba haka ba ne. Leƙowa ta yi ta ga akwai masu yi mata aikin, kuma da albashi, ta ce to me zai tashe ta.